Faifan da Ba a Taɓa Sa wa Allura Ba

A unguwarmu ta Mooca ana ta cewa wai Odair ba Jandira yake so ba, faifan ubanta yake hari. Ni kuwa tarihi na koyar har na yi furfura, "an ce" ba hujja ba ce a wurina. Sai na bi diddigi.

A shagon tsofaffin faya-fayai na tsakiyar São Paulo suka haɗu. Shi gashin kansa a tsaye kamar bushiya, ita tana ta birkita akwatuna, ta kasa tsayawa wuri ɗaya.

"Me kike nema, 'yar rigima?"

"Abin da ba ka da shi."

Mahaifiyarta ce ta rera faifan kiɗan hayaniyar nan na fank da ya hana unguwa barci a zamaninmu. Ta rasu Jandira na jaririya. Bugun farko guda ya rage a gidan, mahaifinta Seu Valdemar ya ajiye shi a kabad cikin ledarsa, don masu tara faifai sun ce allurar garmaho cinye shi take yi. Jandira ba ta taɓa jin muryar uwarta ba.

Ranar da Odair ya je gaisuwa, tsohon ya tare ƙofa.

"Duk wanda ya shigo, kabad yake kallo kafin ya gaishe ni. Kama gabanka."

Edgar mai shago, wanda shi ma yake sonta, ya ƙara gishiri: "Saurayin naki shago-shago yake bi yana cigiyar faifan nan."

Ta tura wa Odair saƙo: "Ashe ni kwali ce, faifan kake so. Kar ka sake kirana."

Ya amsa: "Tsuntsuwata, ki ba ni zuwa Lahadi. Ki roƙi Baba ya ɗaure karensa."

Ranar Lahadi ya iso da faifai a hammata, kwalin duk ya tsufa. Seu Valdemar ya jujjuya shi, ya taɓe baki.

"Bugu na biyu. Na 'yan ku-ci-ku-ba-mu."

"Haka ne, Seu Valdemar. Amma shi ana sa masa allura."

Odair ya ɗora faifan a garmaho. Ganga ta ɓarke, sai ga wata murya ta mace, a dushe, a fusace. Jandira ta dafe bango.

"Baba, haka take da tsiwa?"

"Ta fi haka." Tsohon ya juya musu baya yana goge ido. "Ƙara sauti, yaro."

Na je bikin aurensu. An ci wake da nama, an yi tsalle har limamin coci ya toshe kunne. Seu Valdemar ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su 'ya'ya masu hayaniya.

Jiya na leƙa gidajen biyu. Bugun farko yana kabad ɗin tsohon, a ledarsa. Na gidan amarya bugu na biyu ne, allura tana tsalle a waƙa ta uku.