Goron da Ba a Raba Ba

Goro Nashiru ya zo saya a kasuwar Aboabo ta Tamale ranar da ya fara ganin Mashudatu, na sadakar arba'in ɗin mahaifinsa. Bai daɗe da sauka daga Amurka ba, kuma tun daga takalminsa kowa ya gane haka.

Ita kaɗai ce a rumfa, ubanta Alhaji Dramani ya tafi masallaci. Nashiru ya tsuguna yana ware manya masu sheƙi gefe guda, kamar wanda ya san abin da yake yi.

"Boga, ajiye wannan," in ji ta. Haka ake kiran wanda ya dawo daga waje.

"Me ya yi? Ai ya fi duka kyau."

Ta karɓa ta ɓare shi da farce. Ciki baƙi ƙirin, tsutsa ta gama da shi.

"A can ma haka kake sayayya? Ka ga sheƙi ka biya?"

"A can ba ni da mai ɓare mini."

Ta yi kamar ba ta ji ba, amma sai da ta sake ƙirgen goron daga farko.

Washegari ya dawo wai goron bai isa ba. Jibi ma ya dawo. Alhaji Dramani ya dube shi ya ce, "Yaro, mutum nawa suka mutu a gidanku?" Daga ranar ya daina fakewa da goro, ya koma zuwa zance gidan su Mashudatu a Kanvili bayan la'asar. Yana kiranta Farin Gorona, ita kuwa ba ta taɓa sauya masa suna daga Boga ba.

Kafin ya koma Amurka, kawunnansa suka taso daga Gurugu da kwandon goron tambaya. Ƙa'idar kowa ya san ta: in uban yarinya ya yarda, sai ya raba goron ga dangi, in bai yarda ba, ya mayar. Alhaji ya ce zai raba in ƙanensa ya dawo daga Salaga. Nashiru ya hau jirgi da murnarsa.

Saƙonsa na farko ya iso tana wanke-wanke.

"Farin Gorona, na sauka lafiya. Sanyi kamar zai cire kunne. Na buɗe jaka na ji ƙamshin rumfarku, na kasa kwashe kayan."

Ta goge hannu ta rubuta: "Kwashe kayanka, Boga, kar su yi wari. Ni ma na yi kewarka, amma kaɗan."

Ƙanen Alhaji bai dawo ba tukuna wayar Nashiru ta mutu. Ta kira, ta tura saƙo, shiru. Kwanaki suka wuce. Ƙanwarta Zuweira ta ce ƙila wata Baturiya ce ta riƙe wayar. Mashudatu ta zage ta, ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ita ma abin da take tunani ke nan.

Abdulfatawu ne ya kawo labarin. Mai sayar da kayan moto ne, wato babur, a Dabokpa, ya daɗe yana sonta tana kauce masa. Ya zo har rumfa ya miƙa wa Alhaji waya, da ladabinsa, fuskarsa kamar ta mai ta'aziyya.

"Baba, ban so a ce ni na faɗa ba. Gwamnatin tarayyar Amurka ce da kanta ta shigar da ƙara. Su bakwai, ga sunansa nan na biyar. Motocin sata suke lodawa a kwantena zuwa nan. Haɗa baki shekara biyar, fitar da motar sata shekara goma, ga tara kuma."

"An yanke?" in ji Alhaji.

"Baba, Amurka fa. In suka rubuta sunanka, ai an gama."

Kafin magariba duk Kanvili ta yanke wa Nashiru shekara goma sha biyar. Wasu ma sun ƙara masa.

Alhaji ya tara gidansa ya yi magana a taƙaice. "Uban yaron nan abokina ne, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ba zan mayar musu da goro in ƙara musu kunya ba. Amma ba zan raba goron ɗan fursuna ba. A kai shi ɗakin ajiya. Ranar da ya bushe, magana ta mutu da kanta, ba wanda ya ci mutuncin wani."

Kowa ya gane. Goron da aka yasar a zafin Tamale ba ya kai wata guda.

Sai ga saƙo daga wata baƙuwar lamba.

"Mashudatu, ni ne. An ba ni beli. Sun karɓe fasfo, sun ɗaura mini wani ƙarfe a ƙafa mai nuna musu duk inda na taka. Kar ki jira ni. Ki yafe mini."

Ko Farin Gorona bai ce ba. Wannan ya fi ƙarfen ƙafar yi mata zafi. Ta kira shi nan take.

"Ni za ka sallama ta waya kamar mai bin ka odar kaya? Faɗa mini abin da ka yi."

Ya faɗa mata. Aikinsa lodin kwantena ne. Yazeed, babban ɗan unguwarsu wanda ya tarbe shi a filin jirgi shekarun baya, ya ba shi katifa da aiki, shi ne ya ce ya ara masa sunansa a takardun kwantena biyu. Nashiru ya sa hannu.

"Ba ka duba ciki ba?"

"Ta yaya zan ce wa Yaya Yazeed ya buɗe in gani? Mutumin da ya ciyar da ni?"

A Tamale ma ba mai cewa babba ya kwance ƙunshinsa. Sai dai alƙalin Amurka ba ɗan Gurugu ba ne.

"Lauyana ya ce tuhuma ba hukunci ba ce," in ji shi. "Shekarun nan da ake faɗa, ƙarshen abin da doka ta yarda a ba mutum ne. Amma ba wanda ya san inda alƙali zai tsaya."

"To ka bari ya tsaya tukuna. Kuma ka kira ni da sunana."

Sannan ya ce, "Farin Gorona."

Da asuba ta shiga ɗakin ajiya. Alhaji ya ce a ajiye goro, bai ce kar a taɓa shi ba. Ta zazzage kwandon a tabarma, ta goge kowane ɗaya da tsumma, ta ware masu tabo, ta shimfiɗa sabon ganyen fita na naɗe goro da ta ɗebo a rumfa, ta jera su ta rufe. Tun tana ƙarama take wannan aiki.

Haka ta riƙa yi duk mako. Damina ta zo ta wuce. Duk buɗewa sai ta sami ɗaya ko biyu sun lalace, ta fitar da su kar su shafi sauran. Kwandon yana ta yin ƙasa. Wani lokaci takan zauna da goro ɗaya a tafin hannu, ta tuna yadda ya tsuguna a rumfa yana zaɓen ruɓaɓɓe da ƙarfin gwiwa, ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye.

Abdulfatawu bai zauna ba. Ya gyara mata moto kyauta, ta aika masa da kuɗinsa ta hannun Zuweira. Ya tare ta a hanya ya ce, "Ran da zai fito kin yi furfura." Ta ce, "Sai ya saya mini lalle."

Saƙonnin Nashiru su ne abincinta.

"Yau na tsaya a taga na ga wata mata a kan moto, na ce ashe a nan ma akwai masu tuƙin ganganci irin naki. Ƙarfen nan ya hana ni wuce layinmu, amma bai san na kwana a Kanvili ba."

Ba ta gaya masa zancen goro ba. Nasa nauyin ya ishe shi.

Wata rana ya kira, muryarsa a dushe. Lauya ya ajiye masa hanya biyu. Ya musanta a yi shari'a: ƙila ya tsira da takardun zamansa, ƙila kuma ya sha shekaru masu yawa. Ko ya amsa laifin haɗa baki, a janye babbar tuhumar, ya yi zaman da bai kai wancan ba, sannan a koro shi gida, shi da Amurka har abada.

"In na amsa, zan dawo miki da jaka ɗaya da sunan ɗan fursuna."

"Hannunka ne a takardar ko ba naka ba?"

"Nawa ne."

"To ka faɗi abin da ka yi, kar ka ƙara, kar ka rage. Ni ba Amurka na ce ina so ba."

Ya amsa. Alƙali ya ba shi shekara ɗaya da rabi, ya sa masa ranar da zai kai kansa kurkuku.

A makon ne kawun Abdulfatawu ya zo neman izinin kawo nasu goron. Alhaji ya ce goro ba ya hawa kan goro, bari a tabbatar na farko ya mutu. Ya sa Zuweira ta ɗauko kwandon, ya buɗe a gaban baƙon.

Ganye ɗanye shar. Goron bai fi rabi ba, amma kowane ɗaya a cike yake, ya zama daushe mai kyau. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya yi ƙara. Ya daɗe yana kallon cikinsa.

"Mashudatu."

Ta fito ta durƙusa.

"Wata da watanni ganyen fita yana ɓacewa a rumfata. Har na doki akuyar mutane."

"Baba, ba ka ce kar a taɓa ba."

"Rufe mini baki. Kira mini yaron."

Ta kira, ta miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Nashiru, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka san motocin na sata ne?"

Mashudatu ta runtse ido. In ya ce bai san komai ba, ai shi ke nan, wa zai ƙaryata shi daga nan?

"Baba, ba a gaya mini ba," in ji Nashiru. "Amma raina ya ba ni akwai abin tambaya, na ƙi tambaya don kar in ji. Wannan laifina ne, ba na Yaya Yazeed ba."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Da ka ce mini kai tsarkakakke ne, da yau goronka ya koma Gurugu. Je ka yi zamanka. Ka riƙe salla. Kar ka sake sa hannu a komai, ko takardar abinci ce, sai ka karanta."

Ya juya ga kawun Abdulfatawu ya miƙa masa ɓarin da ke hannunsa. "Ka yi haƙuri, Malam. Kai ne na farko da ya ci goron 'yata."

Ranar aka raba shi gida-gida. Bai isa dangi ba, sai da aka riƙa ɓarawa biyu.

Zaman da ya biyo baya ya fi na farko tsawo. Waya sai jefi-jefi, ana cikin magana ta yanke. Ba sauran goron da za ta juya, sai ta riƙa shiga ɗakin ajiya ta zauna kusa da kwandon da babu komai a ciki. Wasu mata suka daina gaishe ta. Ba ta bi su ba.

Ya dawo da jaka ɗaya kamar yadda ya ce, ya rame, takalmin nan babu. A tashar mota ta tarbe shi ita da Zuweira. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Boga, ina sauran ka?"

"Yana wurinki, ke kika ajiye."

Ya sami aikin lodi a Aboabo, kusa da rumfar surukinsa. Da zai sayi goron ɗaurin aure, ya zaɓa ya tura mata kwandon ya ce ta duba. Ta ɓare uku, duka lafiya.

"Ka fara koyo," in ji ta.

Ranar Lahadi aka ɗaura a Kanvili, aka cika layi da kujeru har moto ba ta wucewa. Da aka shafa fatiha, Alhaji Dramani ya kama hannun ango ya ce, "Yarinyar nan ta raya goronka a ɗakin da na sa shi ya mutu. Ka riƙe ta yadda ta riƙe shi. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, ba irin uwarsu ba."

Jama'a suka ce amin suna dariya. Daga cikin ɗaki, a ƙarƙashin mayafi, Mashudatu ta ce tata amin ɗin a hankali.