Jita Mai Ɗingishi

Inna mai ɗinki ba ta tsaya a kantar 'yan sanda ba. Ta ture kofur, ta faɗa ofishin Sufeto.

"Kai ne babbansu? An sace min fiyanon ɗana. Kada ka miƙo min takarda, ban san bihim ba. Tashi za ka yi."

Sufeto ya tashi.

Bara Autanta ya rasu. Makaɗi ne, mai irin fiyanon nan da ake shirya ganga da jita a cikinta, a danna maɓalli su riƙa raka mawaƙi. Jitar ya fi ɓata wa lokaci, tsirkiya bayan tsirkiya yake shigar da ita. Kullum da hantsi Inna takan danna jan maɓallin da ya nuna mata, jitar ta tashi, ita kuma ta hau keken ɗinki. Abin da ya rage mata ke nan na Auta. Yau ta dawo daga sayen zare ta tarar da tebur wayam.

A gidan Inna, Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa. Ba a fasa ba.

"Ina kike ajiye wayar wutarta?"

"Bayan kabad, cikin tsohuwar safarsa. Ɓera ke damuna."

Ya laluba. Safa na nan, waya babu.

"Ɓarawon titi bai san safa ba, Inna. Wa ke da makulli?"

"Ni da marigayi. Nasa ban sake gani ba tun ranar asibiti."

"Wa ya kai shi?"

"Dogo, mawaƙin da suke yawo tare. Har kuka ya fi ni."

Sun sami Dogo a situdiyo, fiyano a gabansa, an lulluɓe ta da sababbin sitika.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Irinta cike da kasuwa."

"Jitar da ke ciki fa?"

"Ni na shirya."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya, ɗan nema!" in ji Inna.

Sufeto ya danna jan maɓallin. Jita ta tashi a hankali. A ƙarshen kowane zagaye sai ta ɗan makara, kamar mai ɗingishi. Inna ta dafa bango.

"Wannan makarar kuskure ce?" Sufeto ya tambayi mai situdiyo.

"Da gangan ne, Yallaɓai. Kowa in ya shigar da jita sai ya sa na'ura ta daidaita masa bugun. Wannan ba a daidaita ba."

"To, Dogo, sake shirya mana ita mu ji."

Dogo ya yi gumi ya gama. Tasa ta fito a miƙe kamar faretin kurata.

Inna ta ja mayafi. "Ku ɗauko ta, ku biyo ni."

A ɗakinta aka kunna fiyano, ta hau keke ta taka. Fedar keken takan ɗan cije kafin ta sake. Daidai nan jitar ke makara. Tare suke ɗingishin, babu mai wuce wani.

"Na sha ce wa Auta ya kai min keken nan gyara. Sai ya ce, 'Bar shi, Inna, shi ke koya min kiɗa.'"

Dogo ya sulale ƙasa, ya ciro makulli daga aljihu.

"Wallahi ba sayarwa zan yi ba, Inna. Tun da ya tafi, duk wanda ya raka ni sai muryata ta ɓace. Shi kaɗai yake jirana in ja numfashi."

"Da ka roƙa da na ba ka tabarma mun saurara tare, shashasha. Ni na haife shi, amma ka bar ni da tebur."

Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa.

Sufeto ya kai hannu zai cire waya. "Shaida ce, Inna, sai an je kotu."

Ta buge hannun.

"Ka jira. Yau Auta bai gama taya ni aiki ba."

Sufeto ya cire hula, ya nemi kujera. Inna ta ci gaba da taka keke, ko ƙyalle babu a bakin allura.