Balbela a Shafin Baba

A unguwarmu ta bakin kogi a Aswan akwai wata yarinya 'yar aji shida. Kowa ya san ta. In waya ta ƙi aiki, ita ake kira. In talabijin ya rikice, ita ake kira. Kanta yana ja, gaskiya. Sai dai ita ma ta san da haka, kuma nan ne matsalar take.

Babanta yana da faluka, jirgin ruwa mai tafiya da iska. Sunan jirgin Samra. Baba ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya ɗinka masa sabon ƙyallen kama iska, fari fat. Yanzu fasinja kawai yake jira.

Samra tana da shafi a intanet. A nan mutane ke ganin hotunan jirgin da rigunan ceto, sannan su kama wuri.

Wata rana Baba ya dawo gida yana murmushi.

"Wani Malam Ramzi ya kira ni daga Luksor," in ji shi. "Zai kawo ɗalibansa yawon kogi. Ya ce zai nuna wa shugabar makarantarsu shafinmu. In ta gamsu, mu za su ɗauka."

"Allah Ya sa," in ji Mama.

"Za ta gamsu mana," in ji yarinyar. "Ni fa na zaɓi hotunan."

A makon nan ne Malama Nagwa, mai koyar da kwamfuta, ta ba su aiki. Kowa ya yi ɗan shafi a kan abin da yake so. Yarinyar ta yi nata a kan tsuntsayen kogi: balbela, zalɓe da agwagin ruwa. Aka ajiye shi a na'urar makaranta.

"Malama, zan iya sa shi a ƙarƙashin sunan shafin Baba?"

"In ya yarda, za ki iya," in ji Malama. "Reshe ake ce masa. Ki shiga wurin saita suna. Za ki ga layi mai sunan Samra, da wata lamba a gabansa. Lambar ita ce adireshin na'urar da ke riƙe da shafin. Ki ƙara sabon layi, ki rubuta tsuntsaye, ki sa lambar na'urar makaranta."

"Shi ke nan? Ai wannan wasa ne."

"Ban gama ba. Kada ki taɓa tsohon layi. In kin gama kuma, ki duba a wayar wani, ba a kwamfutarki kaɗai ba."

"To, Malama," ta ce. Amma rabin jikinta ya riga ya fita ƙofa.

Baba ya yarda. Da la'asar ta buɗe kwamfuta, ta ƙara sabon layi. Ya zauna daram. Sai ta tsaya tana kallon layukan biyu. Lambar sama daban, ta ƙasa daban.

"Wannan ai bai yi kyau ba," ta ce. "Suna ɗaya, lamba biyu? Wanda ya yi na farko bai iya ba."

Kai, yarinyar nan! Ta goge lambar Baba, ta sa ta makaranta. Ko kallon tsohuwar ba ta sake yi ba.

Ta buɗe shafin tsuntsaye, ga shi nan. Ta buɗe shafin Samra, ga jirgi, ga sabon ƙyalle. Ta rufe kwamfuta, ta tafi shan zoɓonta.

Bayan magariba sai ga Kawu Fikri, maƙwabcinsu. Shi ma yana da faluka, kuma ba ya barin Baba ya huta da tsokana. Ya shigo yana dariya har da riƙe ciki.

"Maƙwabci, barka da sabuwar sana'a! Ashe ka bar tuƙi ka koma kiwon balbela?"

"Wace balbela kuma?" in ji Baba.

"Ga ta nan a shafinka, ta tsaya da ƙafa ɗaya. Nawa kake sayar da ita? Ko ita ce za ta tuƙa Samra?"

Baba ya juya ya kalli 'yarsa. Ita ko gezau. Ta ɗauko kwamfuta ta buɗe.

"Ga shi, Baba. Lafiya lau yake. Wayar Kawu ce ta rikice."

Mama ta duba tata wayar. "Ni ma fa tsuntsu nake gani."

"Mama, wayarki ai ta tsufa. A wajena yana aiki."

Baba ya dubi kwamfutar, ya ga jirginsa da idonsa. Ya yarda da 'yarsa, don ba ta taɓa ba shi kunya ba. Kawu Fikri ya shanye shayinsa, ya tafi yana kwaikwayon tafiyar balbela.

Da safe suna cin wake da burodi, wayar Baba ta yi ƙara. Malam Ramzi ne. Muryarsa har wurin Mama ana ji.

"Haba, bawan Allah! Jiya da yamma na tsaya gaban shugabarmu ina ta yabon jirginka. Na buɗe shafi, sai tsuntsaye. Yara suka yi ta dariya. Ta ce ba za ta ba da 'ya'yan mutane ga jirgin da ba ta gani ba. In ba ta ga rigunan ceto ba, gobe za mu nemi wani."

Baba ya ajiye wayar a hankali. Bai yi faɗa ba. Ya ture kwanon waken gefe, ya fita. Ta taga yarinyar ta hango shi a bakin ruwa, yana shafa sabon ƙyallen nan. Da ma ya yi mata faɗa, da ya fi mata sauƙi. Wannan shirun ya yi mata zafi ƙwarai.

Tana isa makaranta ta nufi ɗakin kwamfuta da gudu.

"Malama, don Allah ara mini wayarki."

Ta rubuta sunan Samra. Balbela ta fito, tsaye da ƙafa ɗaya. Hawaye suka cika mata ido.

"Kin taɓa tsohon layi?" in ji Malama Nagwa.

"Na taɓa. Na ga lambobin ba su yi daidai ba, sai na gyara."

"Ba su lalace ba, balle ki gyara. Shafin babanki yana wata na'ura, naki yana wata. Kin tura baƙin babanki zuwa ɗakinki."

"Amma a kwamfutata yana aiki!"

"Kwamfutarki ta saba zuwa can, sai ta riƙe tsohuwar hanya na ɗan lokaci. Waɗanda ba su saba zuwa ba, sabuwar hanya suka bi. Mutum nawa suka ce miki akwai matsala?"

Ta sunkuyar da kai. "Kawu Fikri da Mama."

"Me kika ce musu?"

"Na ce wayoyinsu ne."

 Malama ta jawo mata kujera.

Tsohuwar lamba ta riga ta tafi, yarinyar ba ta tuna ko farkonta. Malama ta nuna mata inda za ta same ta, a shafin kamfanin da ke ajiye musu shafin Samra. Yarinyar ta mayar da ita da hannunta. Ta karanta ta sake karantawa kafin ta danna.

"Ya dawo?"

"Sai a hankali. Gyara ma yana ɗaukar lokaci kafin ya kai ko'ina. Yanzu akwai aikin da kwamfuta ba za ta yi miki ba."

Ta gane. Bayan an tashi ta wuce bakin kogi kai tsaye.

"Baba, ni na ɓata shafin. Ka yafe mini. Ka ba ni wayar in yi wa Malam Ramzi bayani."

Baba ya dube ta, sannan ya miƙa mata.

Ta kira Malam Ramzi. "Malam, ni ce 'yar mai Samra. Laifina ne, ba na Baba ba. Na gyara. Don Allah ku sake dubawa da yamma. In ba ku ga jirgi ba, ku gaya mini, zan yarda da ku."

Da la'asar ta bi gida gida. Ta duba a wayar Mama, ta ba ta haƙuri. Ta duba a wayar mai burodi. Ta je har gidan Kawu Fikri.

"Kawu, me kake gani?"

"Kash! Jirgi," in ji shi. "An kore mini balbelata."

Kafin magariba Malam Ramzi ya kira. Shugaba ta ga rigunan ceto, ta gamsu. Yaran kuma sun ce lallai sai an nuna musu tsuntsun nan da ya ba su dariya.

Ranar yawon Samra ta cika da ɗalibai. Iska ta cika sabon ƙyalle, Baba yana riƙe da sandar tuƙi yana ta fara'a. Yarinyar ta tsaya a gaba tana nuna musu tsuntsaye.

"Ga balbela can a kan dutse!"

"Ni ban gan ta ba," in ji wani ɗan ƙaramin yaro daga baya.

Saura kaɗan ta ce ai ga ta nan a fili. Sai ta kama bakinta. Ta taka har inda yake zaune, ta durƙusa daidai tsayinsa. Ashe ƙyallen jirgi ne ya tare dutsen gaba ɗaya.

"Gaskiyarka," ta ce. "Daga nan ba a gani. Zo mu koma wajena."

Baba ya ji su. Ya yi dariya, ya juya jirgin kaɗan don kowa ya gani.

Tun daga ranar yarinyar ta riƙe abu biyu. Ba ta goge abin da ba ta gane ba sai ta tambaya. In kuma wani ya ce mata bai gani ba, ba ta cewa a wajena yana aiki. Tashi take yi ta je ta duba daga inda yake.