Dangwali a Gidan Giya

Da hantsi Nu'man ya shigo komisariyar 'yan sanda ta Dakoro yana tura wani dattijo a gabansa. Nu'man ɗan wani babban ɗan kasuwar hatsi ne. Ya yi shekaru a Yamai, ya dawo da baƙin tabarau da niyyar buɗe bivet, wato gidan giya, a bakin gari. Dattijon kuwa Hama ne, mai gadinsa.

"Shef, ga ɓarawo na kawo muku. Ku rufe shi kawai."

Sufeto Mamani bai ɗago daga kofin shayinsa ba. "Mi ya sata?"

"Bangona."

"Bangon gaba ɗaya?"

"Kayan da ke jikin bangon, Shef. Jibi za mu buɗe. Na gayyaci 'yan furoje, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, har daga Maradi."

'Yan sanda suka janye Hama gefe. Aka karɓe rawaninsa, aka sa shi a ɗakin tsaro. Sufeto ya san yadda irin wannan magana ke ƙarewa. Mai gadi ne, yana da makulli, ba shi da kowa a gari. Idan ba a sami wani ba, gobe shi za a kai gaban alƙali, daga can kuma sai kaso, gidan yari.

Da Sufeto ya isa bivet ɗin, a allon ƙofa an rubuta lemo da shayi da nama. Akwatunan giya suna bayan firigo. Sufeto ya gan su ya wuce, don ba su suka kawo shi ba.

Ya tsaya tsakiyar ɗakin yana kallo. An gina bango da siminti mai kyau, sannan aka biya magina suka yaɓe shi da laka da ƙaiƙayi don ya yi kama da ɗakin matalauci. An rufe kwanon sama da zana. An kife turame a matsayin kujeru. An rataye gugar rijiya, aka cusa mata ƙwan lantarki a ciki. Can kusurwa ga sirdin raƙumi, kusa da na'urar sanyaya ɗaki.

A irin wannan ɗaki aka haifi Mamani a Birnin Lalle, sai dai nasu ba shi da na'urar sanyi, kuma yana zuba da damina. Rabin rayuwarsa ya kashe kafin ya fita daga cikinsa. Ga shi yau an gina shi da gangan don masu albashi su zauna su ɗauki hoto.

"Rustik ke nan, Shef," in ji wata murya a bayansa.

Wani dogo ne siriri, da matsattsen wando da gyale a wuya cikin wannan zafin. Nu'man ya gabatar da shi: Mushe Rauf, mai tsara ɗakin, daga Yamai.

"Mi ke nan rustik?"

"Salon ƙauye. Yanzu shi ake yayi. Abin da waɗannan mutanen daji ke zubarwa, mu muke mai da shi abin kallo. Su ba su san darajarsa ba."

"Kai ka san daji?"

Rauf ya yi dariya. "Ni? Ko warin saniya ba na so. A Yamai aka haife ni."

Nu'man ya nuna bangon da ke bayan dogon teburin miƙa kwalabe. Ƙusoshi ne a jere babu komai a kansu. Ya buɗe salularsa ya nuna hoton yadda wurin yake kafin jiya. Ƙoren nono ne manya masu zane, da faya-fayansu, babbar ta tsakiya da ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa. Sama da su an miƙe dangwali, doguwar igiyar nan mai hantuna da makiyaya ke ɗaure maruƙa. A kowace hantu an rataye kwalbar giya ta wuya.

"Ra'ayina ne," in ji Rauf. "Kowa ya gani sai ya yi dariya."

Sufeto bai yi ba. Ya dubi tele, ya dubi manyan lasifikoki, duk suna nan. Ƙofa ba a fasa ta ba. A jikin bangon ma akwai sauran ƙore da ba a taɓa ba. Ya kankare ɗaya da farce, baƙin ya fita a yatsansa. Ya shinshina.

"Man takalmi ne da toka. Sabuwar ƙwarya ce ta kasuwa."

Nu'man ya juya ya dubi Rauf. "Ka ce mini duka tsofaffi ne."

"Dabarar aiki ce, patron."

Ɓarawon dai ya bar na jabu ya kwashe na gaske. A bayan teburin Sufeto ya sami kwalaben a jere, babu wadda ta fashe. Kusa da su ga ƙananan igiyoyin da aka ɗaure ƙoren da su. Ba a yanke ko ɗaya ba. An kwance su, an naɗe kowace a tafin hannu, an soke bakinta a tsakiya.

"Ɓarawon gari wuƙa yake sawa," in ji Sufeto. "Makiyayi ne ba ya yanka igiya, ko da sauri yake."

"Ka gani?" Rauf ya buɗe hannuwa. "Mai gadin nan ai daga daji ya fito. Jininsu ne."

"Kai ina kake jiya?"

"Maradi. Sayen ƙwayayen lantarki."

Da zai fita, Sufeto ya tsaya a rumfar mai gadi. Tabarma ce da buta da tukunyar shayi. A ƙarƙashin tabarmar akwai cuku a ƙunshe cikin tsumma, sabo, bai gama bushewa ba. Ya ɗauka.

A komisariya ya ajiye cukun gaban Hama.

"Jiya ka bar ƙofa?"

"Na tahi masallaci da azahar, na tsaya cin abinci. Shi ke nan."

"Wa ya zo wurin a kwanakin nan?"

"Ba kowa."

"To wa ya ba ka wannan? Nu'man? Shi da ko ruwan firigo bai ba ka?"

Hama ya sunkuyar da kai.

"Baba, gobe kaso za ka. Wanda kake rufa wa asiri yana can yana shan iska."

Dattijon ya ɗago kai. "Wata tsohuwa ce, Aisata, daga wajen Azagor. Shekaranjiya ta zo. Ta ce a salular wani yaro ta ga hoton ɗakin. Na buɗe mata ƙofa ta leƙa. Ta ga dangwalin da kwalabe, sai ta zauna ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ba ni cuku ta tahi."

"Ita ta kwashe?"

"Shef, kai ma ka ga inda aka rataye su. Tsohuwar da ke dogara sanda?"

"Don mi ka ɓoye?"

"In na faɗa, ita za ku kamo."

"Wa ka gaya wa ta zo?"

"Mushe Rauf kaɗai. Ya tambaye ni kamanninta. Na ce tana da ido ɗaya mai fari."

"Mi ya ce?"

"Bai ce komi ba. Sigari kawai ya kunna."

Sufeto ya sami Aisata a bayan kara, inda makiyayan da suka kawo dabbobi ke sauka. Tana zaune a inuwar wata adduwa, da sandarta a gefe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya nuna mata hoton.

"Naki ne?"

"Awo. Babbar ta kakata ce. Ni na ɗinke ta. Dangwalin kuwa maigidana ya tufka shi, Allah ya jiƙansa."

"Yaya suka bar hannunki?"

"Da za mu yi arewa da damina, na bar su ajiya a wani gida cikin Azagor. Da muka dawo aka ce an zo da mota, an ce ni na aiko."

"Suka ba baƙo kayanki haka kawai?"

"Ba baƙo ba ne."

"Sunansa?"

Ta juya fuskarta ga gindin itacen.

"Inna, akwai dattijo a rufe saboda ke. Sunansa nake so."

"Dattijon nan bai ɗauki komi ba. Ku sake shi."

"To wa ya ɗauka?"

"Wancan," in ji ta. "Tun yana yaro ya tahi lakwal karatun boko, bai dawo ba."

Sufeto bai sake tambaya ba. Macen da ta tashi a ruga, sunaye biyu ne ba sa fita daga bakinta: na mijinta da na ɗanta na fari. Mijin yana kabari.

Sufeto ya miƙe ya nufi wani makiyayi da ke kusa, ya roƙi aron dangwalinsa zuwa la'asar.

Da la'asar ya sa aka kawo Hama bivet, aka zaunar da Aisata a ciki, bayan ƙofa. Shi da kansa ya shimfiɗa dangwalin aro a tsakar filin, a gicciye, tsakanin ƙofar waje da ta ɗakin. Ya kira Nu'man da Rauf a salula ya ce an sami labari.

Nu'man ne ya fara isowa. Ya tsallake igiyar ko kallonta bai yi ba. Ɗan sandan da ke tare da Sufeto ma ya taka ta da takalminsa.

Rauf ya shigo yana magana da Faransanci a salula, yana dariya. Da ya iso bakin igiyar, ƙafarsa ta tsaya. Bai daina magana ba, bai ma dubi ƙasa sosai ba. Ya karkata hagu, ya bi tsawonta har ƙarshe, ya zagaya ta bayanta, sannan ya dawo ya nufi ƙofa.

"Mushe Rauf," in ji Sufeto. "Hanya ta yi maka nisa."

"Yaya?"

"Kowa ya tsallake. Kai ka zagaya. A unguwarku ta Yamai ne aka hana tsallake dangwali?"

Rauf ya waiga ya dubi igiyar. Ya kashe salular.

"Ban lura ba."

"Na sani. Da ka lura da ka tsallake. Shiga ciki."

Ya shiga. Aisata ta ɗago ta gan shi, nan take ta kawar da kai ta ja mayafi. Shi kuwa ya tsuguna a kan dugadugansa da matsattsen wandon nan, kansa a ƙasa.

Nu'man ya cire tabarau. "Wace ce wannan?"

Sufeto ya juya ga Rauf.

"Jiya ba ka je Maradi ba," in ji Sufeto. "Ka jira Hama ya tafi masallaci. Ina kayan?"

"Cikin but ɗin motata." Faransancin ya gudu daga bakinsa, Hausar ma ta koma ta daji. "Na ce in ta kai ƙara, za a zo a tambayi inda na samo su. Kowa zai san ko ni wane ne."

"Kowa zai san kai ɓarawo ne?"

"Za su san inda na fito."

Sufeto ya dube shi. Ya sha kama ɓarayin da yunwa ta kora, da waɗanda kwaɗayi ya ja. Wannan bai ji kunyar sata ba, kunyar uwarsa yake ji.

"Ka rataya giya a igiyar ubanka don mutane su yi dariya."

"Patron ya ce yana son abin gaske. Na kasuwa ba su gamsar da shi ba."

"Kada ka sa ni ciki," in ji Nu'man. "Ni na biya."

"Hama fa?" Sufeto ya ci gaba. "Da safe a gabana ka ce jininsu ne."

"Na ce tsoho ne, alƙali zai tausaya masa. Wata biyu, uku, ya fito."

Hama yana tsaye a bakin ƙofa yana naɗa rawaninsa. Ya tofar da yawu a waje.

Aka buɗe but ɗin motar. Ƙoren suna cikin bargo, an jera su ƙarama cikin babba, kowace da faifanta. Dangwalin yana naɗe a gefe. Aisata ta shafa ɗinkin babbar ƙwaryar da yatsa, ta kai ta hanci, ta ajiye.

Ɗan sanda ya sa wa Rauf ankwa. Sai a lokacin Aisata ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Shef, ni ban kai ƙarar kowa ba."

"Na sani, Inna. Ko kin yafe naki, akwai na dattijon nan da ya yini a rufe."

Ta gyaɗa kai.

Nu'man ya bi Sufeto har bakin mota. "Shef, jibi fa buɗewa. Bangon nan haka zai zauna? Ka yi mata magana ta ba ni haya, ko na mako guda."

"Kana da man takalmi," in ji Sufeto. "Toka kuma ba ta tsada."

Aka tura Rauf bayan motar 'yan sanda. Da za su fita, Sufeto ya waiga. Tsohuwar tana zaune a ƙasa da dangwalin mijinta a cinya, ba ta warware shi ba, tana bin naɗin da yatsa har inda aka soke bakin igiyar.

"Naɗin ubansa ne," ta ce da Hama. "Ba wanda ya iya shi sai su biyu."