Gwaten Da Ba Mai

Adaku mai abinci a Tina Junction ce ta fara ba ni labarin nan, ranar da muka haɗu a layin awon hawan jini. Tana faɗa tana share ido da bakin zane, don a bakinta abin ya fashe, ba kuma da niyya ba. Sauran na ji daga bakin yarinyar da abin ya faru da ita. To ku saurara, musamman ku 'yan matan da waya ba ta barin hannunku.

Sumayya yarinya ce 'yar duma-duma mai fara'a, tana aure a Rikkos. Mijinta Musaddiq tela ne, shagonsa na Tina Junction. Auren so suka yi, ba wanda ya tilasta wani. Ko sunansa ba ta kira, sai dai Yallaɓai, shi kuma ya washe baki kamar an ba shi kujerar Makka.

Musaddiq maraya ne. Yayarsa Anti Mariya ce ta riƙe shi, ta kai shi koyon ɗinki, ta yi masa aure, don haka bai taɓa ce mata a'a ba. Tana zaune a Daɗin Kowa. Ciwon suga ya taɓa kayar da ita, likita ya tsara mata abinci: acca, ganye, a rage mai da zaƙi. Ya kuwa karɓe ta, sugan ya sauka. Daga nan ta shiga wani grup a waya, ta wuce inda likita ya tsaya. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba mai. Har wake ta kora, wai yana kumbura hanji.

Wata Asabar ta zo Rikkos ta tarar da Sumayya na soya dankali da ƙwai. Ta tsaya a ƙofar kicin tana toshe hanci.

"Sannu da zuwa, Anti. Bari in zubo miki."

"Ki zubo mini me? Ajalina?" Ta dube ta sama da ƙasa. "Shekara ɗaya da rabi da aure, Sumayya, ko ɓatan wata babu. Kitse ne ya toshe ki. Daga gobe dayet za ki yi, kwana casa'in. Gwaten acca da ganye, sau biyu a rana, sai kokwamba in yunwa ta matsa."

Sumayya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan murfin tukunya. Da Anti ta tafi, Musaddiq ya zo ya durƙusa gabanta.

"Haba gimbiya, kukan me? Tare za mu yi. Wallahi abin da kika ci shi zan ci, abin da kika bari na bar shi."

"Yallaɓai, kai da ba ka iya wuce mai tsire ba ka waiwaya ba?"

"Na rantse miki fa."

Rantsuwar nan ita ta riƙe ta. Kullum da safe ta dama gwate da alayyafo da kabeji da yakuwa, ko ɗigon mai babu, ta cika masa kula ya tafi shago. Da yamma ya dawo da kular a wanke tas, yana cewa hannunta zuma ne. In ƙamshin suyar maƙwabta ya shigo ta taga, sai ta haɗiye yawu ta ce a ranta, shi ma yana can yana daurewa saboda ni.

A mako na uku ta gane ashe tun kafin a fara dayet ɗin akwai shigar ciki a jikinta. Kun dai san cikin fari da kunya. Ba za ta iya duban Anti, wadda take kamar uwar miji, ta furta wannan magana ba. Ko uwarta ba ta gaya wa ba. Shi kaɗai ta raɗa wa, ta ce ya je ya sanar da Anti, ko za ta sassauta.

Ya yi murna har da sujada. Bayan kwana biyu ya dawo yana sosa ƙeya.

"Na gaya mata. Ta ce ki ci gaba, ganye ya fi wa yaro lafiya. Ki daure, saura kaɗan."

Ta daure. Zoben aurenta ya fara zamewa daga yatsa. Tafin hannunta ya yi fari, in ta miƙe sai ɗakin ya juya mata, hawan 'yar matakalar gidansu ma sai ta huta sau biyu. Shi kuwa Yallaɓai wuya sai ƙara kauri yake. Da ta yi magana, ya yi dariya ya ce jikin maza daban ne.

Ranar kwana na hamsin da takwas, da hantsi, ta faɗi a bakin famfo da bokiti a hannu. Matan gidan suka sa ta a keke sai asibiti.

Ta farka ana ƙara mata ruwa. Wata nas dattijuwa, Sista Josephine, na tsaye a kanta riƙe da takarda.

"Yarinya, jininki ya yi ƙasa ƙwarai. Me kike ci?"

Sumayya ta lissafa mata. Ba ta daɗe tana lissafin ba.

"Da ciki wata uku? Wa ya sa ki wannan aiki?"

Daidai nan Anti Mariya ta shigo tana haki, gyale a karkace.

"Ciki? Wane ciki?"

Sumayya ta juyo a hankali. "Anti, ba ya gaya miki ba? Ya ce kin ce in ci gaba."

"Ni? Wallahi yanzu nake ji. Ni da na shekara ina roƙon Allah abin nan, in ji yana nan kuma in hana ki ci?"

Sumayya ta rufe ido. Mako biyar tana ƙullace da matar nan a zuci, ashe Antin ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Sista Josephine ba ta raga wa Anti ba. "Hajiya, ke suga gare ki, an tsara miki naki. Ita mutum biyu take ciyarwa. Akwai masu ciki da ba sa cin nama suna kuma haihuwa lafiya, amma suna cin wake, gyaɗa, ƙwai, madara, suna zuwa awo, suna shan maganin ƙarin jini. Wannan ba dayet ba ne, yunwa ce aka yi wa suna. Bugun zuciyar yaron na nan, amma da an ƙara sati biyu ban san me zan ce muku ba."

Ana cikin haka sai ga wata mata ƙatuwa ta yi sallama da kula biyu a hannu. Adaku ce, teburinta na jikin shagon Musaddiq. Ta ga ya fita a guje, ta tambaya, ta biyo da abin dubiya kamar yadda maƙwabta ke yi.

"Sannu Madam, sannu. Ni ne Adaku, maƙwabcin Oga naka. Na kawo farfesu, na sa hanta da yawa, yadda Oga yake so kullum."

"Kullum?" in ji Sumayya.

"Kullum mana. Ƙarfe ɗaya ya yi, shinkafa da farfesu, ƙwai biyu a kai. Mun yi canji da shi. Shi ya ci nawa, ni na ci naka." Ta ɗaga ɗaya kular, Sumayya ta gane tata ce, mai shuɗin murfi. "Madam, gwate naka ya taimake ni. Ba mai, gishiri kaɗan. Hawan jini nawa ya sauka, likita ma ya tambaye ni. Tun tuni ina so in zo in gode."

Adaku ta dubi wannan ta dubi waccan, murmushinta ya bushe.

"Na faɗi abin da bai kamata ba?"

"A'a, Mama," in ji Sumayya. "Ke kaɗai kika faɗa mini gaskiya a wata biyu."

Sai ga Musaddiq da ledar magani. Ya ga Adaku, ya ga kula mai shuɗin murfi, ya ga fuskar yayarsa. Ledar ta suɓuce masa.

"Gimbiya, bari in yi miki bayani..."

"Musaddiq."

Tunda aka ɗaura auren bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya tsaya cak.

"Da ka ce mini ba za ka iya ba, da dariya zan yi maka, in soya maka ƙwanka. Amma ka rantse. Ina jin jiri in ce kai ma kana ji. Ina ƙirga kwanaki ina tausayinka. Kana dawowa da farfesu a ciki, ka zauna kana kallona ina tauna kokwamba da ɗanka a jikina, har ka ce in daure."

"Tsoro na ji," ya ce. "Ban san yadda zan ce wa Yaya tsarinta bai yi ba. Na ce kwanakin za su wuce..."

"Tsorona?" Anti Mariya ta miƙe. "Ka ɗora mini maganar da ban faɗa ba, ka kusa sa ni alhakin rai biyu, sannan ka ce tsorona?" Sai kuma ta zauna a bakin gado ta kama hannun Sumayya, ta ga yadda ya rame, ta fashe da kuka. "Nawa laifin ba ƙarami ba ne. Abin da ya warkar da ni na ɗauka maganin duniya ne. Ki yafe mini, 'yata."

Kwana huɗu Sumayya ta yi a asibiti. Anti ce ke jinya, ita da ba ta son warin ƙwai, ita ke ɓare mata shi da hannunta. Musaddiq kuwa a benci ya yi kwanakin, in ya leƙo ta juya wa bango fuska. Ranar sallama Anti ta ce ta zo su tafi Daɗin Kowa har ta haihu. Sumayya ta dubi mijin da ya zabge a kwana huɗu fiye da yadda ya yi a wata biyu.

"Zan koma ɗakina, Anti. Ban huce ba, amma zan koma."

"To da sharaɗi," in ji Anti, ta nuna ƙanenta da yatsa. "Saura kwana talatin da biyu a rantsuwarka. Lafiyarka ƙalau, za ka cike su." Ta juya wajen Adaku, wadda ta dawo dubiya. "Ke kuma Adaku, in kika ƙara zuba masa ko romo, ni da ke ne."

Ni dai abin da zan gaya muku, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Gwaten nan ɗaya ne: ya sauke wa Adaku jini, ya riƙe wa Mariya suga, ya kusa kai Sumayya kushewa. Kada wadda ta ɗauki tsarin cin wata ta ɗora wa kanta don ta gani a waya, a je a auna jiki tukuna. Kunyar da za ta hana ki faɗin ciwo kuwa ba tarbiyya ba ce. Ku kuma maza, wanda ba zai iya faɗa wa 'yar'uwarsa gaskiya ba, matarsa zai yi wa ƙarya.

Washegarin komawarta gida, da safe, Sumayya ta tashi ta dama gwate ba mai, ta cika kula biyu, ɗaya ta Adaku, ɗaya tasa. Sannan ta soya hanta da ƙwai biyu, ta haɗa shayi da madara, ta sha maganinta, ta zauna a gabansa ta ci a nutse har ta suɗe yatsu. Shi kuwa yana kallo. Da ya ɗauki kulolin zai fita, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Taka ce mai shuɗin murfi. Kada ka wanke, ina so in ga yadda ka cinye."