Ƙarfe Ɗaya a Ƙofar Inna

Bai ɗaga murya ba. Littafin kawai ya ajiye a kan teburin da na saba zama, ya buɗe shafi na goma sha bakwai, ya danne shi da yatsa.

"Karanta min."

"Masoyina, ka tsaya ka ji..."

"Karanta min, Baƙuwa. Ke kika rubuta, bakinki zai fi iya faɗa."

Ba sai na duba ba, na haddace kowace kalma. Amma na sunkuyar da kai na karanta layin ƙarshe.

"Lokacin da ya fi dacewa a je: ƙarfe ɗaya na rana, sa'ad da wata tsohuwa ke zaune a bakin ƙofa tana yi wa kowa sannu da zuwa. Wanda bai ga murmushinta ba bai ga garin nan ba."

A ƙasan rubutun ga hoton mahaifiyarsa a kan kujerarta, tana murmushi, ba ta san ana ɗaukarta ba.

"Abu ɗaya na roƙe ki tun da muka haɗu," ya ce. "Ɗaya tak."

Gaskiya ya faɗa.

Shekara bakwai ina rubuta littafin jagora na masu yawon buɗe ido da ke cika garinmu. Duk shekara nakan zaɓi gidajen abinci hamsin da suka fi, in faɗi inda suke, abin da za a ci, da lokacin da ya kamata a je. Ƙawayena cewa suke ba ni da aiki sai ci. Ba su san yadda mutum ke gajiya da zama shi kaɗai a teburin mutum biyu ba, yana ɗanɗana miya yana neman laifinta.

Ruwan sama ne ya kora ni gidan abincinsu. Can saman gari yake, a wani lungu bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda baƙi ba sa bi. Tebur shida ne kacal, da labule mai ruwan ƙasa, da wata tsohuwa a bakin ƙofa.

"Baƙuwa muka yi," ta ce tana kama hannuna. "Sannu da zuwa, 'yata. Kin ci abinci?"

Ɗanta ne ke girki. Dogo, marar yawan magana, da tabon ƙuna a bayan hannunsa na dama. Ya kawo min miyar kifi da burodin da ya gasa da kansa, ya koma kicin. Na kai cokali ɗaya baki, na nemi laifi na rasa. A karon farko cikin shekara bakwai na cinye abinci tas ban rubuta komai ba.

Washegari na koma.

"Baƙuwa muka yi," in ji tsohuwar. "Sannu da zuwa, 'yata. Kin ci abinci?"

Na ɗauka wasa take. Da na dawo rana ta uku ta sake faɗin haka, sai na gane ba wasa ba ne. Ranar ce ɗan nata ya jawo kujera ya zauna a gabana, yana goge hannu da tawul.

"Inna ba ta riƙe abu," ya ce. "Shekara biyar ke nan. Jiya ba ta zama a kanta."

"Allah sarki..."

"Ke kuma mai rubuta littafin nan ce."

Na ƙware da shayin da nake sha.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba wanda ke shinshina miya kafin ya sha sai ku da kyanwa."

Na yi dariya har da hawaye, shi ma ya ɗan murmusa. Sannan fuskarsa ta canza.

"Ina roƙonki, kada ki sa mu a littafin."

"Kowa roƙona yake in sa shi, Kuku."

"Ni ba kowa ba ne. Inna ce ta buɗe wurin nan, shekara talatin tana zama a ƙofar can ƙarfe ɗaya. Masu zuwa ba sa canzawa: tela, malaman makarantar da ke gangare, direbobi biyu. Ba ta san sunansu ba yanzu, amma fuskokinsu na kwantar mata da hankali. Taro na firgita ta. Likita ya ce muddin ana so ta zauna lafiya, a bar mata duniyarta yadda ta san ta."

"Na yi alkawari," na ce.

Da zuciya ɗaya na faɗa, Allah ne shaidata.

Daga nan na zama 'yar gida. Ni nake ce masa Kuku don in tsokane shi, shi kuma ya ari bakin Inna yana kirana Baƙuwa. Ya koya min yanka albasa ba tare da na yi kuka ba, ban iya ba har yau. In na dawo daga manyan otal ina ba shi labarin faranti mai faɗin tire da abinci loma biyu a tsakiya, sai ya girgiza kai ya zuba min miya.

"Ci, 'yar wahala."

"Haka ake lallashin masoyiya?"

"Da cokali na iya, hasken idona. Baki naku ne."

Yayarsa ce ba ta so ni ba. Takan zo ranar hutu ta yi wa Inna wanka da gyaran kai, kuma tun ganin farko ta ɗaure min fuska.

"Ƙanena, ka rasa wadda za ka so sai mai tallan ƙofofin mutane?" ta ce, a gabana, ba kara. "Irin su ba sa ganin abu su yi shiru. Sana'arsu ke nan."

"Yaya, ta yi alkawari."

"Alkawarin mai alƙalami?"

Na ji zafin maganar, na haɗiye. Wata takwas ina haɗiyewa. Sai wata rana na shigo ƙarfe ɗaya, Inna ta kama hannuna kamar kullum, ta daɗe tana kallona.

"Ke ce ta jiya," ta ce.

Kuku ya saki ludayin da ke hannunsa. Yaya da ke tsaye a bayan kujerar ta juya ta shiga ciki da sauri, na ji tana fyace hanci. Da ta fito ba ta kalle ni ba, amma ita ta zuba min abinci da hannunta. A wannan makon aka fara maganar aurenmu.

To, ga inda na kashe kaina.

Na so in ba shi kyauta ranar da gidan zai cika shekara talatin da ɗaya. Ban iya waƙa ba, ban iya wasiƙar soyayya ba. Abu ɗaya na iya rubutawa a duniya. Sai na zauna a ofis na rubuta masa shafi irin na littafin, da adireshi da komai, na zuba duk son da nake masa a ciki. Nufina in buga kwafi ɗaya in sa a firam, ya rataye a kicin. Hannu kuwa ya saba, sai na adana shi a kwamfuta tare da sauran hamsin ɗin.

A ofishinmu akwai mai ɗaukar hoto, shi ne kuma ke jera shafuka. Sau biyu yana neman aurena ina ba shi haƙuri. Ana saura mako a kai littafi maɗaba'a, wani gidan abinci daga cikin hamsin ɗin ya rufe, aka sami gurbi. Ya ga shafina, ya san na wane ne, ya kuma san alkawarin, don ni da bakina na taɓa faɗa masa. Ya je lungun ya laɓe daga nesa ya ɗauki hoton Inna.

Zan iya ɗora masa laifin duka in huta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙa'idar aikinmu ita ce in karanta kowane shafi kafin in sa hannu. A shekara bakwai ban taɓa tsallakewa ba sai wannan karon, don ina sauri in je gwajin kayan aure wurin tela. Na sa hannu a tsaye, jakata a kafaɗa.

Duk wannan na faɗa wa Kuku ranar da ya ajiye min littafin. Ya saurara har na gama.

"Kyauta ce?" ya ce a hankali.

"Kyauta ce, wallahi."

Ya rufe littafin, ya daɗe yana kallon tabon hannunsa.

"Ta yi kyau," ya ce. "Abin da ya fi min ciwo ke nan."

Na je wurin shugabanmu na durƙusa a janye littafin. Ya ce bakin alƙalami ya bushe, an riga an raba shi a filin jirgi da otal-otal. Mai hoto kuwa kafaɗa ya ɗaga.

"Taimakonsu na yi. Wa ke gudun kasuwa?"

Suka fara zuwa. Biyu, biyar, ashirin. Duk ƙarfe ɗaya, duk da littafin a hannu, kamar yadda na umarce su. Ba mugaye ba ne, murmushin da na yi musu talla suka zo gani. Tela ya daina samun kujera, malamai suka koma ci a wani wuri. Inna ta duba ta rasa fuskar da ta sani.

Muka manna takarda a ƙofa cewa ba a ɗaukar hoto, ba wanda ya karanta. Muka mai da Inna ɗakin sama, ta yini tana kuka tana buga ƙofa, don ko ta manta sunan 'ya'yanta, ƙafarta ba ta manta ƙarfe ɗaya ba. Dole aka sauko da ita. Na bar ofis na riƙa tsayawa kusa da kujerarta ina tare mutane da hannu.

"Baƙuwa muka yi..." takan fara, sai ta ga wasu goma a bayansu, maganar ta maƙale.

Kuku ya yanke shawarar rufe gidan a ƙarshen mako, har abin ya lafa. Ranar Alhamis wata doguwar mota ta tsaya a bakin lungun ta sauke mutum arba'in. Ana yayyafi, kowa na turowa ya shiga inuwa. Wata mata ta zame a matakala, na sunkuya in ɗaga ta. Minti ɗaya ne, ko biyu.

Da na juyo, kujerar ba kowa.

Muka bazu cikin ruwa muna kira. Tela ya rufe shagonsa, direbobin suka bi tituna da motocinsu. Sai da la'asar Kuku ya same ta a tsohuwar tasha, zaune a kan benci, ta jiƙe sharkaf, tana jiran jirgin da mijinta ke dawowa a ciki shekara ashirin da suka wuce.

Sanyi ya shiga ƙirjinta. Kwana tara ta yi a asibiti. A rana ta takwas Yaya ta fito ta same ni a baranda inda nake yini, na miƙe ina jiran zagi.

"Shiga," ta ce. "Ba don ke ba."

Na durƙusa a gefen gadon. Inna ta buɗe ido ta laluba hannuna.

"Kin ci abinci?" ta ce.

Washegari da safe ta cika.

Bayan wata guda ya kira ni. Na tarar an kife kujeru a kan tebura, an naɗe labule, tukwane na cikin kwali. Teburina kaɗai ya bari. Ya kawo miyar kifi da burodi ya zauna a gabana, kamar ranar nan ta uku.

"Zan koma garin da Yaya take," ya ce.

"Ka tafi da ni..."

Ya turo min burodin gabana.

"Zan bar aikin, Kuku. Na rantse ba zan ƙara riƙe alƙalami ba."

"Na yafe miki, Baƙuwa. Tun a asibiti na yafe. Kwananta ne ya ƙare, na sani."

"To mene ne?"

"Ina sonki har yanzu, kada ki yi shakka. Amma duk na ɗaga ido na kalle ki, kujerar nan nake gani ba kowa. Na gwada, wallahi na gwada. In na aure ki a haka zan cuce ki, kullum kina neman gafara a fuskata."

Na so in yi gardama, na so in kama rigarsa in ƙi saki. Amma na taɓa ƙin kiyaye abu ɗaya da ya roƙe ni, ban da bakin ƙin na biyu.

"Ci," ya ce. "Zai huce."

Na ci ina kuka, ya zauna har na gama. Sannan ya ɗauki kwanon ya wanke, ya sa a kwali.

A bugun bana, da hannuna na cire shafi na goma sha bakwai, daga nan na ajiye aikin. Sai dai tsohon bugu ba ya mutuwa. Yana nan a ɗakunan otal da jakunkunan matafiya, wani ya ba wani. Har yanzu suna hawowa lungun ƙarfe ɗaya. Shi ya sa nake zuwa in zauna a matakalar, don kada su yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba mai buɗewa.

Jiya wata mata ta zo da mijinta, sun manyanta, suna haki saboda hawan. Ta nuna min hoton.

"'Yata, nan ne?"

"Nan ne, Mama. An rufe."

"Tsohuwar fa?"

"Ta rasu."

Ta sake duba shafin, ta shafa shi da tafin hannu.

"Saboda wannan rubutun muka zo tun daga nesa," ta ce. "Na ce wa maigidana, duk wanda ya rubuta wannan ba ƙaramin so yake wa mutanen gidan nan ba."

Na kalli inda kujerar take a da.

"Ƙwarai kuwa," na ce.