Ruwan da Haladu Ya Zuba wa Mota

A shekarun da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, Alhaji Sajo Maiturare na Gwarzo yana da wata ƙaramar mota baƙa ƙirar Ingila, wadda yake zaga ƙauyuka da ita wajen sayen gyaɗa. Direbanta, kuma makanikinta, wani mutum ne mai suna Haladu.

Injin motar ba wani babba ba ne. Silinda huɗu, kafireta ɗaya, ruwa ke sanyaya shi, fetur kuma kaɗan yake sha. Amma tun da aka damƙa wa Haladu makullinta ba ta taɓa kwana a hanya ba. Kullum da safe kafin ya karya sai ya ɗaga murfin inji, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba, ya leƙa ruwan lagireto, ya danna fanbel da babban yatsa ya ji ko ya saki. Fetur ba ya shiga tanki sai ya bi ta ƙyalle, don na gwangwani ba ya rasa datti. In aka sauko daga Juma'a sai ya kwance fulogai ya kankare su tas. Yakan ce wa direbobin manyan motoci a tasha, "Inji ba shi da mugunta. Ka ba shi mai da wuta, ya tashi. Ka hana shi ɗaya, ya mutu. Shi ke nan labarinsa."

A kakar wata shekara matarsa Raliya ta yi nauyi da cikin fari, lokacin tafiya goyon ciki gidan iyayenta a Gammo ya yi. Alhaji ya ce ya kai ta da motar. Sai dai awon gyaɗa ya riƙe su, ba su bar Gwarzo ba sai da rana ta yi ja.

Manyan motoci sun gama cinye hanyar. Gargada ce tun daga bakin gari. Raliya na baya, ta rungume ƙullin kayanta, ƙanshin harawar gyaɗa na shigowa ta taga. Sun ɗan wuce Kabo Haladu ya ji wani wari ya danne ƙanshin, warin ƙarfe mai zafi. Kafin ya taka birki tururi ya turnuƙe gaban motar.

Tiyon ruwa na ƙasan lagireto ne ya tsage. Girgizar hanya ta goga shi da ƙarfe har ya fashe, ruwan duk ya tsiyaye. Haladu bai damu ba. Ya jira inji ya huce, ya naɗe tsagar da robar tsohon tib, ya ɗaure da waya, ya juye galan ɗin ruwan da ba ya rabuwa da shi. Bai kai ko rabin lagireto ba.

Ya duba gabas ya duba yamma. Gonaki ne an cire gyaɗa, ba gida ba mutum. Amma can ƙasan hanya akwai wata ƙorama da ta ƙafe, a gwiwarta kuma ga wani ɗan gurbi da ruwa kwance, baƙi wuluk.

Ya ɗauki galan. Raliya ta leƙo ta taga. Ita 'yar makiyaya ce, ta san ruwa.

"Malam, dubi bakin ruwan nan. Ko sawun akuya babu."

"To, sai me?"

"Burtali ne fa nan kusa. Ruwan da shanu suka ƙi a irin wannan lokaci, akwai dalili. Ga magariba ta kawo kai. Mu jira wani ya zo wucewa."

"Ba sha za mu yi ba, Raliya. Inji ne zai sha. In duhu ya same ki a nan da wannan ciki, me zan ce wa Babanki?"

Ya gangara da sauri. Ruwan sanyi ƙalau, har cikin ƙashi. Ba kwaɗo, ba sauro. Ya nutsa galan, bakinsa na lissafin sauran tafiya, ko bisimilla bai tuna ba. Da ya ɗago sai ya ji galan ɗin ya fi yadda ya saba nauyi. Ya ce a ransa laka ce. Ya tace da ƙyalle, bai ga komai ba. Ya cika lagireto ya murɗa murfi.

Yana taɓa makulli motar ta tashi.

Suka ci gaba. Haladu ya kunna fitila. Injin na bugawa lafiya, huɗu-huɗu, yadda ya san shi. Zafi ya fara hawa a hankali, kamar kullum.

Sai ya ji wani sauti a ƙarƙashin bugun. Siriri. Ya ce ko fanbel ne ya jiƙe. Ya sassauta totur, sautin bai sassauta ba. Ya ƙara, sautin ya yanke, ya ja numfashi, ya dawo da ƙarfi.

Fanbel ba ya jan numfashi.

"Malam," in ji Raliya, murya ƙasa-ƙasa. "Jariri ne."

"Yi shiru."

"Wallahi jariri ne. A gaba yake."

Wani ƙauri ya cika motar, irin na gashi a wuta. Haladu ya taka birki, ya murɗa makulli ya zare.

Injin bai mutu ba.

Ya fito da gudu ya ɗaga murfi. Kukan ya buge shi a fuska. Daga cikin lagireto yake fitowa, tare da wani bugu ƙanana-ƙanana, kamar ana dukan ƙarfen da tafin hannu daga ciki.

Ya fizge wayar fulogi ta farko. Ta biyu. Ya fizge duka huɗun ya watsar. Fanka na ta juyawa.

Ya tumɓuke bututun fetur daga kafireta. Fetur ya zuba a ƙasa.

Ya cire kan batir. Fitilu suka mutu.

A cikin duhu, ba mai ba wuta, injin ya ci gaba da bugawa. Yana ƙara zafi.

"Ka fito da shi!" Raliya ta yi kururuwa. "Dafa shi kake yi!"

Ya kai hannu ga murfin lagireto. Ya san sarai ba a buɗe shi da zafi, shi ke hana wasu. Ya murɗa. Tururi ya feso ya saɓule masa fatar hannu har gwiwa. Bai tsaya ba. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya yage ɗaurin da ya yi wa tiyo. Tafasasshen ruwa ya kwararo.

Kukan ya yi ƙasa. Ya zama shessheka.

Ya tsaya.

Injin ma ya tsaya.

Ko gyare ba ya kuka. Sai ɗigar ruwa a ƙasa, ɗis, ɗis.

Can daga hanyar da suka baro sai suka ji tafiya. Caɓal. Caɓal. Kamar mai taka laka, alhali hanyar a bushe take.

Mace ce, doguwa, ta fi rufin motar tsawo nesa ba kusa ba. Zanenta na zubar da ruwa. Warin tsohuwar rijiya ya riga ta isowa. Ba ta dubi Haladu ba. Ta durƙusa gaban motar, ta sa hannu biyu cikin ruwan da ke tururi, tana lalube. Ta tattaro wani abu da idonsa bai iya gani ba, ta sa a zani, ta rungume. Ta jijjiga shi a hankali. Ta kara kunnenta. Ta daɗe a haka.

"Barci yake yi," in ji ta, kamar mai raɗa. "Na kwantar da shi a bakin ƙofa, na je na dawo."

Haladu ya zube a gwiwa. "Inna, ban sani ba. Wallahi ban gan shi ba."

"Na sani. Ku ba kwa gani. Shi ya sa aka ce ku riƙa sallama."

"Ki yafe mini don Allah."

"Ya kira ni tun daga can. Ina jin sa. Ƙarfenka ya fi ni sauri."

Ta juya kanta wajen tagar baya. Raliya na ciki, ta dafe cikinta da hannu biyu, tana karanta Ayatul Kursiyyu. Matar ta yi taku ɗaya, ta tsaya kamar ta ci karo da bango.

"Wannan ta hana ka, na sani. Ba ruwana da ita." Ta sauke ido kan cikin. "Amma abin da ke nan naka ne."

"Ki ɗauke ni ni. Ga ni."

"In yi me da kai? Kai ka zauna. Ka daɗe." Ta gyara abin da ke zaninta. "Duk wanda ya fito daga jikinka, zai ji abin da nawa ya ji."

A nan Haladu ya ji zafi a ƙafarsa. Ruwan bai daina fita daga motar ba. Ya wuce abin da lagireto goma za su ɗauka. Ya rufe hanya, ya kai idon sawu, yana tafasa.

Ya zagaya ɗaya gefen, ya fizgo ƙofa, ya saɓi Raliya a kafaɗa. Ya faɗa gona. Kunyoyi na harɗe shi. Bayansa ruwa na bin su yana huci. Bai waiwaya ba. Ya yi ta gudu har ya hango wuta, karnuka suka taso masa, wani dattijo mai suna Jalo ya fito daga rugarsa da sanda yana tambayar ko su wane ne. Haladu ya sauke Raliya a gabansa ya faɗi.

Da gari ya waye aka sami motar a tsakiyar hanya, ƙasa a bushe ƙamas. Alhaji Sajo ya sa aka jawo ta Gwarzo. Makanikai suka zo daga Kano suka kwance injin gaba ɗaya, ba su sami abin da ya lalace ba. Suka mayar, suka sa sabon batir da sababbin fulogai. Ba ta sake tashi ba.

Raliya ta haihu a Gammo, namiji, kyakkyawa. Tun da ya faɗo jikinsa zafi rau. In an shimfiɗa masa jiƙaƙƙen zani, kafin a juya ya bushe. Bai kai ranar suna ba. Aka yi rubutu, aka yi sadaka, aka sauke Alƙur'ani, Haladu ya yanka rago a bakin ƙoramar ya yi ta sallama ba mai amsawa. Ta biyu mace ce. Ita ma haka.

Bayan an yi arba'in ya same ta a ɗaki ya zauna nesa da ita.

"Ta ce ba ruwanta da ke, Raliya. Kin ji da kunnenki."

"Malam, ni ban ce na gaji ba."

"Na sani. Ni ne ba zan iya sake haƙa ƙaramin rami ba."

Ya sawwaƙe mata, suna kuka su biyun. Bai sake aure ba, bai kuma sake taɓa inji ba. Ya koma ɗinkin buhunan gyaɗa a kasuwar Kabo, da hannunsa mai tabon ƙuna.

Shekaru suka shuɗe. Wata ranar kasuwa yana zaune kan buhu sai ga Raliya ta zo wucewa, ta auri wani manomi a Masanawa, da yaro goye a bayanta, ƙato, mai kumatu. Ta tsaya suka gaisa, ya tambayi gida, ta tambayi aiki. Yaron ya leƙo ta kafaɗarta, ya ga Haladu, ya yi dariya, ya miƙo masa hannu.

Haladu ya mayar da hannayensa biyu baya, ya riƙe su gam.

"Ki wuce da shi," in ji shi. "Ki yi sauri."